Lissafin Ɗan Dillali

Lauwali taubashina ne, ɗan Gwaggo Dela ƙanwar mahaifina, don haka tun muna yara ba na tauna masa magana. Abin da na ga dama nake faɗa masa, ya rama, a yi dariya a tashi. Ina kiransa Ɗan La'ada. Shi kuma tunda na kama aikin koyar da lissafi a wata sakandare a Roni ya raɗa mini Malam Alli, wai ko a gidan biki aka kaɗe rigata sai farin gari ya tashi. Har yau yana kirana da nawa sunan. Ni ne na daina kiransa da nasa, bakina ba ya iya ɗaukarsa yanzu.

Mahaifinsa, Baba Maikasuwa, dillalin dabbobi ne a karar Babura, filin da ake cinikin shanu da tumaki ranar kasuwa. Wanda bai san dillanci ba zai ɗauka irin cinikin mai kanti ne, a saro a sayar. Ba haka ba ne, dillali ba ya saye. Makiyayi ne zai koro bijiminsa daga ruga ko daga ƙetaren iyaka, ya miƙa wa dillali igiya, ya koma inuwa ya zauna kamar ba shi da komai a wurin. Dillali ya yi ta ja da masu taya, ana albarka ana ƙari, har a kai inda za a sallama. Da ciniki ya faɗa sai ya yanki la'adarsa daga cikin abin da aka biya, ya kai wa mai dabba saura. Duk lissafin kara daga nan yake tashi, daga kuɗin da aka sallama a kai. Ba a tambayar nawa aka sayi sa. Yawancinsu ma ba sayensu aka yi ba, a garke aka haife su. Wanda kuwa ya sayo nasa don ya juya, tambayarsa nawa ya saya rashin kunya ne, kamar ka zura masa hannu a aljihu.

A cikin wannan Lauwali ya buɗe ido. Tun bai fi maraƙi tsawo ba yake bin ubansa kara. Baba Maikasuwa kan juyo ya ce masa, "An sallama a kaza, nawa ne namu?" ko da naira ko da sefa, kafin ya rufe baki yaro ya ba da amsa. Dillalai su yi ta dariya suna saya masa ƙosai. Nakan je hutu Babura in tsaya ina kallo, haushi kamar ya kashe ni, don ni a lokacin sai na haɗa da yatsun ƙafa nake gama ƙirga.

Saniyar sata ce ta juya komai. Wani baƙo ya kawo karsana, Baba Maikasuwa ya sayar masa bisa amana kamar kullum, baƙo ya karɓi kuɗinsa ya ɓace. Da masu saniya suka biyo sawu, dillali aka kama, domin a kara dillali ne shaidar dabba. Aka tsare shi har sai da dangi suka taru aka sasanta. Ya fito ya rame, ga kunya, mutumin da ba a taɓa cewa ya ɗauki ko allurar wani ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya Lauwali ya ɗauko igiya zai bi shi, sai uban ya fizge ta daga hannunsa. Gwaggo Dela ta ce ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

"Kada in ƙara ganin igiya a hannunka," ya ce masa. "Ni da na riƙe ta ya isa. Kai biro za ka riƙe, ka ci albashi, ka kwana a ɗakinka ba mai buga maka ƙofa."

Bai tsaya a magana ba. Da Lauwali ya gama sakandare, sai uban ya sayar da gonarsa ta gado, wadda gidan ke cin geronta daga kaka zuwa kaka, ya kai shi Kazaure ya yi difloma. Dangi sun yi surutu. Mahaifina ya taka har Babura ya roƙe shi ya bar ko rabi. Baba Maikasuwa ya ce ai ba sayarwa ya yi ba, gona ya musanya da gona, kuma wannan sabuwar ba ruwanta da fari.

Lauwali ya gama, ya dawo gida da takarda, aka shiga jira. Dogo ne, mai tsabta, kullum kayansa a goge kamar wanda za a kira ofis kafin azahar. Da safe ya fita ya zauna a rumfar mai cajin waya yana sauraron rediyo, da yamma ya dawo. Ranar kasuwa kuwa ko ƙofar gida ba ya tsayawa, don abokan ubansa in sun gan shi sai sun ce ya zo ya kama musu, shi kuma ba dama. Aka yi masa aure da Jannatu bisa cewa aiki yana nan tafe. Aiki bai zo ba, 'yarsu Zara ta zo. Jannatu ta kafa kaskon awara a tsakar gida, da shi ake sayen sabulu da magani.

Ba wai zama kawai yake yi ba. Duk sanda wata hukumar gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata, Lauwali na cikin na farko da ke zuwa Kazaure su shigar da sunansu. Irin wannan neman aikin da jarrabawa ake farawa, a kan kwamfuta: Turanci, labaran duniya, sai lissafi, kuma a lissafin nan tambayoyin riba da asara ba sa taɓa yin kaɗan. Kowace tambaya da amsoshi huɗu a ƙarƙashinta, ka zaɓi ɗaya, agogo na tafiya a saman allo. Wanda ya kai makin da aka yanke shi ake kira gaba. Lauwali ya zauna ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kullum da murmushi yake fitowa. In na tambaye shi lissafi fa, sai ya ce, "Kai a allo ka koya, ni a kara na koya. Bar ni da Turanci dai." Sakamako ya fito, ya rasa da kaɗan. Sai a ce ai sai da hanya, sai da wani a sama. Mai yiwuwa haka ne, amma shi ko ƙofar da ake neman hanyar bai taɓa kaiwa ba.

Ana cikin haka Baba Maikasuwa ya faɗi a kara wata ranar kasuwa, aka ɗauko shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka shimfiɗa masa katifa a zaure, don ya ƙi ɗaki, wai yana so ya riƙa jin wucewar dabbobi. Bakinsa ya karkace, maganarsa sai wanda ya saba. Gidan da babu gona, yanzu kuma babu la'ada. Tsofaffin abokan hulɗarsa makiyaya sukan biyo su gaishe shi, su ce ɗansa ya fito mana, mu ba mu san kowa ba sai gidan nan. Ya girgiza kai har sai sun yi shiru.

Sai ga wata hukuma ta tarayya ta buɗe, da sharaɗin kada mai nema ya haura shekara talatin. Lauwali na cikin ta talatin ɗin. Wasu kan rage shekaru, amma tasa ta riga ta shiga katin ɗan ƙasa, ba ta gogewa. Kowa a gidan ya san wannan ce ta ƙarshe. In ta wuce, takardar da aka sayar da gona dominta ta zama ta naɗe ƙosai.

Gwaggo Dela ce ta kira ni a waya. "Musaddiƙu, ka duba mini ɗan'uwanka. Ban san abin da ke kayar da shi ba, shi ma bai sani ba, girman kai ya hana shi tambaya. Na ce ya zo wurinka, in bai zo ba ban yafe ba."

Ya zo, a bayan ɗan acaɓa daga Kazaure, fuska a murtuke. Muka zauna gindin darbejiyar da ke bayan ajina bayan an tashi yara. Na ce bari mu fara da inda ya fi ƙarfi, in ya so mu wuce.

"Mutum ya sayi rago dubu arba'in, ya sayar dubu hamsin. Ribarsa kashi nawa cikin ɗari?"

"Ashirin," ya ce, tun ban sauke numfashi ba.

"Sake dai."

"Ashirin, Malam Alli. Kawo mai wuya."

"Ashirin da biyar ce."

Ya dube ni ya yi dariya irin ta tausayi. "Dubu hamsin aka damƙa masa. A cikinta goma ce riba. Goma cikin hamsin, ɗaya cikin biyar ke nan. Da wannan kan naka ake biyanka albashi?"

Na ce masa masu jarrabawa ba ruwansu da abin da aka damƙa wa mutum. Abin da ya fitar daga aljihunsa suke kallo, wato uwar kuɗi. Ka cire arba'in daga hamsin, saura goma. Goman nan da arba'in za ka auna ta, don arba'in ce ta jawo ta. Goma cikin arba'in ɗaya cikin huɗu ne, ashirin da biyar cikin ɗari. Asara ma haka take. In ya saya hamsin ya sayar arba'in, goman da ya rasa da hamsin za a auna ta, ba da arba'in ɗin da ya koma gida da ita ba.

"To bijimin da aka haifa a garke fa? Nawa ce uwar kuɗinsa?"

"A jarrabawa ba a haihuwar komai. Kowane kaya sayensa aka yi."

Bai yarda ba. Na buɗe masa tsofaffin tambayoyi a wayata, na nuna masa irin wannan sak. Ya bi amsoshin da yatsa, fuskarsa ta washe. "Ga ashirin ɗina nan a ciki."

"Don irinka aka ajiye ta," na ce.

Haka abin yake. Masu tsara tambayoyin nan sun san inda ƙafar mutum za ta zame, sai su ajiye masa amsar zamewar a cikin huɗun tana jiransa. Da ba ya samun amsarsa a allo, da tun shekarar farko ya san akwai matsala. Amma kullum tana nan, ya danna ta da ƙarfin zuciya, ya fito yana murmushi. Na nuna masa amsar da aka yi wa alama, na buɗe wata, na buɗe wata. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wato duk shekarun nan," bai ƙarasa ba. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai. Abin da za a gyara a zama ɗaya, girman kai ya sa ya ci masa ƙuruciyarsa. Na faɗa masa haka, ban rage komai ba, shi kuma a karo na farko a rayuwarmu bai rama ba.

Daga nan ya riƙa zuwa Roni duk ƙarshen mako, cikin zafin bazara, kuɗin mota daga kaskon Jannatu. Kansa ba dutse ba ne, a zama na biyu ya gane hanyar sarai. In na bar shi ya yi a natse, ba ya kuskure. Amma da na ɗaga agogo na ce saura kaɗan, sai tsohon lissafin ya riga sabon fitowa. Na kafa masa doka, kafin ya taɓa kowace tambaya ya ce da ƙarfi, "Nawa aka saya?" Ya ce maganar nauyi take yi masa a baki, tun yana yaro aka hana shi ita. Na ce ya faɗe ta ko da za ta fasa masa haƙori.

Wadda ta fi ba mu wahala ita ce tambayar da ake juyawa: an sayar da kaya kaza, an ci riba kashi kaza, nawa aka saye shi? Nan Lauwali ba ya ko tsayawa, sai ya yanki kason daga kuɗin sayarwa ya miƙo saura, daidai yadda ubansa ke yankar la'ada ya kai wa makiyayi. Na yi faɗa har makogwarona ya bushe. Na ce kason na uwar kuɗi ne, ita ce ɗari, riba a kanta ake ɗorawa. In an ci ashirin, kuɗin sayarwa ɗari da ashirin ne, daga nan za ka koma baya ka nemo ɗarin. Kuma in ka sami amsa ka gwada ta, ka ɗora mata ribar ka ga ko ta kai. Na kira shi sunaye da dama a gindin bishiyar nan, Ɗan La'ada shi ne mai daɗin ciki.

Ya dage, wannan ba zan hana shi ba. Jannatu ta ce ko tana suya sai ya sa ta ta riƙa jefo masa tambaya, in ta ce ta sayi waken suya kaza ta sayar da awara kaza, ya tsaya ya ce "Nawa aka saya?" kamar mai karanta addu'a, Zara na kwaikwayonsa. A makon ƙarshe na matsa masa da agogo iya matsawa, ya ci kusan duka. Na sa rai ƙwarai. Har na fara tunanin irin tsiyar da zan yi masa ranar da ya sa kakin aiki.

Ranar jarrabawa na bar aji na je Kazaure na jira shi a waje. An ce su zo da sassafe, suka zo, sai na'urorin wurin suka ƙi aiki. Aka bar su a layi cikin rana, ba ci ba sha, don kowa na tsoron ya matsa a kira sunansa. Sai bayan azahar aka shigar da su. Na zauna a bencin mai lemo tare da iyayen wasu, ina ta karanta abin da ya zo bakina.

Da ya fito na hango murmushin tun daga nesa. Na san murmushin nan.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Riba da asara ce ta cika lissafin. Duk amsoshina suna ciki."

"Ba ni guda ɗaya."

"An sayar da kaya dubu sittin, an ci riba kashi ashirin. Nawa aka saya? Dubu arba'in da takwas."

Na dube shi. "Kashi ashirin na me, Lauwali?"

Na ga leɓensa na motsi, yana ɗora ribar a kan arba'in da takwas ɗin, ya ga ba ta kai sittin ba. Ya riga ni gamawa, kamar kullum.

"Hamsin ce," ya ce a hankali.

"Irinta nawa?"

"Da yawa." Ya share fuska da hularsa. "Turanci ya cinye mini lokaci. Ina isowa lissafi agogon ya koma ja. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi ta dannawa. Sai na ji kamar ina kara, Baba na jefo mini."

Ban iya yi masa faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Na ce zan raka shi gida in gaida Baba. Muka shiga bas ɗin Babura, har muka wuce Achilafiya kansa a jingine da gilashi.

Mun tarar da Baba Maikasuwa a zaure, an jingina shi da matashi, tun safe ya hana a kwantar da shi. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya kafe ɗansa da ido, ya yi wata magana da ban gane ba. Gwaggo Dela da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Wai me aka tambaye ka."

Na ɗauka Lauwali zai ce sai dai addu'a. Sai na ji ya ce, "Baba, an sayar da kaya dubu sittin, riba kashi ashirin. Nawa ne na mai kaya?"

Idon tsohon ya kawo haske. Bakin nan da ya karkace ya yi ta kokawa, amma amsar ta fito, har ni na ji ta. "Arba'in da takwas."

"Haka na sa, Baba."

Baba Maikasuwa ya yi dariya, miyau na zuba ta gefe guda, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya dafa kan ɗansa. Gwaggo Dela ta ce alhamdu lillahi ta juya ciki tana kiran Jannatu ta kawo mana ruwa. Lauwali bai ɗago ya dube ni ba, ni ma tabarma na yi ta kallo. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda irin na ranar ba.

Sakamako ya fito bayan an fara ruwa. Ya rasa da maki kaɗan, kamar kullum. Ba zan rantse cewa tambayoyin riba kaɗai suka kayar da shi ba, amma da ya ci ko rabinsu da ya haye. Wata biyu bayan haka ya cika talatin da ɗaya a lissafin katinsa. Tsohon ba a gaya masa kai tsaye ba, sai aka riƙa ce masa ba a kira ba tukuna, har ya daina tambaya.

Daminar nan ta yi wa gidan tsanani. Kowa na da ɗan abin da yake jira a gona, su babu. Waken suya ya yi tsada, kaskon Jannatu ya koma kwana ɗaya a kunna kwana biyu a kife. Maganin Baba ya yanke. Mu dangi mun yi abin da za mu iya, amma kowa da nasa bakin da ke buɗe. Makiyayan nan kuwa ba su daina zuwa ba.

Gwaggo Dela ce ta ba ni labarin safiyar. Ranar kasuwa ce, Lauwali ya fito daga cikin gida ba da gogaggun kaya ba, da tsohuwar rigar ubansa, sandarsa a hannu, igiya a kafaɗa. Gidan ƙofa ɗaya gare shi, dole ta zaure zai bi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, zan fita." Tsohon ya dubi igiyar, ya dubi fuskarsa, ya daɗe. Bai yi faɗa ba, bai girgiza kai ba. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ja jikinsa da ƙyar har ya juya ya fuskanci bango. Daga ranar, duk wanda ya shigo gaishe shi bayansa yake tararwa. Bai kai kaka ba Allah ya karɓi abinsa.

Gab da Babbar Sallah ta bana na je Babura sayen rago. Da na so in saya a nan kusa, amma Gwaggo ta ce in na kai kuɗina wani wuri ga ɗan'uwana a kara, ita da ni ne. Na same shi a tsakiyar fili, rana ta ƙona shi, ya ƙara tsawo saboda rama. Ya iya aikin, abin haushin ke nan. Muryar ubansa ce sak in yana cewa albarka, kuma makiyaya sun jeru a inuwa suna jiransa, wasu dillalan na zaune ba kowa. Ya zaɓar mini rago, ya ja da mai shi kamar ba ni ne mai saye ba, aka sallama. Na so in ce Ɗan La'ada ya dawo gida, sai na fasa.

Da rana ta take ciniki ya lafa, muka zauna a gindin wata rumfa ya saya mana fura. Muka yi hirar Zara da ta shiga makaranta, da ciwon ƙafar Gwaggo. Can ya ajiye ludayi.

"Malam Alli, ni ma ina da tambaya. Mutum ya sayar da gonarsa, ya zuba kuɗin duka a kaya guda ɗaya. Aka kai kayan kasuwa shekara da shekaru, ba wanda ya taya, har aka tashi kasuwar. Asararsa kashi nawa?"

"Bar wannan maganar, sha furarka."

"Na daɗe ina juya ta. Na gwada da lissafin Baba, ya ƙi. Ba a sallama ba, babu abin da za a yanka a ciki. Sai da na koma naka. Na ce nawa aka saya, gona guda. Nawa ya dawo, babu. Ka auna da uwar kuɗi." Ya dube ni kamar ɗalibin da ke jiran a duba masa aiki. "Ɗari bisa ɗari. Daidai ne?"

Na ce tambayar ba ta tsaru ba, ai kayan yana nan bai lalace ba, ga shi yana ciyar da gida. Na ce abubuwa da yawa, har muryata ta fara tashi.

"Ka amsa abin da aka tambaye ka," ya ce. "Kai ka koya mini haka."

Shekarata goma sha wani abu ina ce wa yara daidai ne, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar.

"Daidai ne," na ce.

Ya gyaɗa kai. "To ka ga na iya."

Daga can wani makiyayi ya ƙwala kira, "Ɗan Maikasuwa!" yana nuna wani jan sa da aka shigo da shi. Lauwali ya shanye sauran furar, ya goge baki, ya ɗauki igiyarsa ya tafi.